Sanin Lokacin Kasuwa: Ajiya da Sari daga Goron Jega zuwa Albasar Aliero

Ajiya, a bakin 'yan kasuwar Jega da Aliero da Maiyama, ita ce mutum ya sayi amfanin gona sa'ad da ya cika kasuwa, ya killace shi, ya jira ranar da zai yi daraja. Ɗan ajiya ba lallai ya yi noma ba, sau da yawa ma ba ya kai kaya wani gari. Ribarsa tana cikin watannin da ke tsakanin kaka da tsakiyar damina idan hatsi ne, ko tsakanin bazara da shigowar sanyi idan albasa ce. Kuɗi da rumbu su ne jarinsa, amma sana'ar kanta ita ce sanin ranar saye da ranar sakin kaya. Wannan sani ya girmi sunan da Aliero ta yi a noman albasa, ya kuma girmi titin kwaltar da ya ratsa yankin. Tushensa yana cikin fataucin goro da gishiri na ƙarni na 19.

Jega ta kafu ne bayan rikicin Malam Abdussalami, Ba'aren nan almajirin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda harin da Gobirawa suka kai wa garinsa Gimbana wajen ƙarshen 1803 ya zama ɗaya daga cikin musabbaban hijira da jihadi. Abdussalami ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1817, ya rasu a farkon 1818 bayan faɗuwar garinsa Kware. Ɗansa Buhari ne ya kafa Jega wajajen 1820 a ƙarƙashin Gwandu, kuma sarautar garin ita ce Sarkin Kabin Jega. Mazaunin garin shi ya jawo masa arziki. Yana bakin Gulbin Zamfara, wanda ke gangarawa ya haɗu da Gulbin Kabi kafin su faɗa Kwara, saboda haka idan ruwa ya cika jiragen Nufawa kan hauro da kaya. Ta tudu kuma hanyoyi sun haɗu a nan: ta Sakkwato, ta Zamfara da Kano, ta Yawuri da Nufe, da wadda ke bi ta Ilo da Bargu zuwa Gwanja. Gishirin Foga da kanwa suna shigowa daga yamma, tufafi daga Kano da Nufe, dawaki da shanu daga arewa. Kafin ƙarnin ya ƙare ana lissafa kasuwar Jega cikin manyan kasuwannin daular Sakkwato. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Gwandu a 1853, ya ambaci Jega a matsayin garin ciniki, ya kuma yaba girma da kyan albasar da ake nomawa a kwarin Gwandu. Ke nan albasa ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa, kasuwarta mai nisa ce ta zo daga baya.

Goro ne ya fara koya wa fatake cewa farashi abu ne mai rana. Ayari kan tashi bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da hanya ta bushe kuma koguna suka ƙetaru, a nufi Salaga a ƙasar Gwanja, a bi ta Nikki da Jugu da Sansanin Mango da Yandi. Zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa, wani lokaci ya kusanci shekara. Goro kuwa ba ya jira. Dole a riƙa kwance huhu a hanya, a yayyafa ruwa, a canza ganye, a tsince wanda sankara ta kama kafin ya shafi sauran. Ayarin da ya riga isowa shi ke cin kasuwa, domin goron bara ya ƙare ko ya tsufa. Wanda ya biyo bayansa da mako biyu yana iya tarar da farashi ya karye. Madugu a zangon Jega yana da hukunci mai nauyi a gabansa: ya sauke a nan ya karɓi abin da aka taya, ko ya ƙara gaba zuwa Sakkwato ko Kano inda goro ya fi tsada, amma kowace rana tana rage masa kaya kuma wani ayarin yana iya shan gabansa.

Wanda ke taimaka masa yanke wannan hukunci shi ne fatoma, maigidan da fatake ke sauka wurinsa. Shi ke ba su masauki, ya adana kayan, ya san wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba. Yaransa dillalai suna yawo cikin kasuwa suna jin tayi, suna karɓar la'ada idan an sallama. Fatoma nagari ba ya zube goron baƙonsa duka rana ɗaya. Yana fitar da shi kaɗan-kaɗan don kada masu saye su ga yawansa su ja baya. Labari ma haja ne a wurinsa. Wanda ya fara jin cewa an tare hanya a Bargu, ko cewa wani babban ayari ya ƙetare Kwara a Ilo, ya san ko zai riƙe ko zai saki kafin maƙwabcinsa ya sani. Siyasa ta sha jujjuya wannan lissafi. Tawayen Kabawa ƙarƙashin Yakubu Nabame daga 1849 ya sa hanyoyin yamma cikin haɗari shekaru da yawa, sai ɗan sararin da sulhun Lafiyar Toga ya kawo. Da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874, Salaga ta fita daga hannun Asante kuma goro ya fara canza hanya. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake zuwa Kintamfo da Kete-Karachi, a daidai lokacin da goro ya soma bin teku zuwa Ikko, wato Legas.

Akwai wani darasi da kuɗin wuri ya bari. Lokacin da Barth yake Kano a 1851 ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Kafin ƙarshen ƙarnin darajar wuri ta zube ƙwarai, saboda jiragen Turawa sun yi ta jibge shi a gaɓar teku. Wanda ya tara keso-keso na wuri a ɗaka, kowane keso 20,000, dukiyarsa tana narkewa yana zaune. Wanda ya mayar da shi gishiri ko turkuɗi ko shanu ya tsira. Attajiran yankin sun riƙe wannan ɗabi'a ta ƙin barin kuɗi su kwana, kuma faɗuwar darajar naira tun daga 1986 ta ƙara ba su hujja.

Duk wannan ciniki yana gudana ne a ƙarƙashin fiƙihun Malikiyya, a ƙasar da Malam Abdullahi Ɗan Fodiyo ya mulka har rasuwarsa a 1829, kuma Risala da Muhtasar su ne littattafan da alƙalai da malaman zaure ke komawa gare su. Ƙa'idodin da suka shafi ɗan ajiya ba su da yawa, amma suna da kaifi. An hana tarar masu kawo kaya a bakin gari a saye kafin su san farashin kasuwa. An hana wanda ba ya nufin saye ya ƙara tayi don ya ruɗi wani. An hana sayar da abincin da aka saya kafin a karɓe shi a hannu, an kuma hana sayar da bashi da bashi. Ɓoye abinci don a cutar da jama'a haramun ne, sai dai malaman mazhabar sun bambanta shi da manomin da ya adana abin da ya noma, da kuma wanda ya saya lokacin yalwa ba tare da ya ƙuntata wa kasuwa ba. A gefe guda an halatta cinikin salam, wato a biya kuɗi yanzu a karɓi kaya nan gaba, muddin an faɗi nau'i da ma'auni da ajali. Malikiyya sun ce ajalin ya kai tsawon da farashi kan iya sauyawa, suka ƙiyasta shi da kamar kwana 15, abin da ke nuna sun fahimci cewa sauyin farashin shi ne dalilin cinikin. Sun kuma yarda a sayar da abin da ke binne a ƙasa, irin su albasa da karas, idan ya nuna, alhali wasu mazhabobin ba su yarda ba. Sayen albasa a fage kafin a cire ta, wanda ake yi har yau, yana da wannan madogara.

Zuwan Turawa ya rage wa Jega matsayi. Bayan faɗuwar Sakkwato a Maris 1903 kuɗin ƙarfe ya maye gurbin wuri, jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshensa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, goro kuma ya koma hawa jirgi daga kudu. Daga 1949 hukumomin sayen amfanin gona suka karɓe gyaɗa da auduga, suna yanke farashi ɗaya na kakar gaba ɗaya. A kan waɗannan kaya babu sauran gwanintar jiran lokaci, sai dai gwanintar sikeli da ta samun lasisi. Haka aka zauna har aka rushe hukumomin a 1986. Gero da dawa da shinkafa da wake da albasa kuwa an bar su a hannun kasuwa, can ne sana'ar ajiya ta ci gaba da rayuwa.

Lissafin hatsi ya fi sauƙi, shi ne kuma abin da ƙauyukan Maiyama da kasuwanninsu, irin su Andarai da Mungadi, suka fi sani. Da kaka kowa na da buƙata a lokaci ɗaya: haraji a da, biki, biyan bashi, kuɗin tafiya cin rani. Hatsi ya cika kasuwa, mudu ya faɗi. Mai kuɗi ya auna ya zuba a rumbu ko shago. Farashi kan tashi a hankali cikin rani, ya yi tsalle idan ruwan shuka ya makara, ya kai ƙololuwa wajen Yuli da Agusta lokacin da rumbunan talakawa suka yi ƙasa kuma ana buƙatar abincin 'yan ƙwadago. Ranar da sabon gero ya shigo kasuwa, tsohon ya rasa daraja. Saboda haka idon ɗan ajiya yana sama. Idan shuka ta kama kuma ruwa bai yanke ba, yakan fara saki tun kafin gero ya fid da kai. Idan aka yi fari bayan shuka, yakan ƙara ɗaure bakin buhu. A nan ne ake samun falle, wato manomi ya karɓi kuɗi da damina a kan zai biya da hatsi da kaka, a farashin da kusan kullum ya gaza na kasuwa. Polly Hill ta bayyana shi a nazarinta na Batagarawa da ya fito a 1972. A siffa ɗan'uwan salam ne, a aikace kuwa sau da yawa alama ce ta wanda yunwa ta ci ƙarfinsa. Shekarun yunwa, daga Kakalaba ta 1914 zuwa farin 1973, su suka ɓata sunan mai ajiya a bakin jama'a. A farkon 1984 sojoji sun fasa shaguna a garuruwan Najeriya suna sayar da kaya a farashin gwamnati. Kaya sun yi araha na ɗan lokaci, sannan suka ɓace daga kasuwa.

Albasa wata aba ce daban, domin hatsi yana iya shekara a rumbu, ita kuwa tana raguwa kullum. A da ana ban-ruwanta da jigo, guga ɗaya bayan ɗaya, gonar ba ta wuce abin da ƙarfin mutum zai iya shayarwa ba. Abin da ya yi saura kuma, musamman lawashi, mata kan daka su shanya ya zama gabu, wanda ke jure tafiya a bayan jaki. Abubuwa biyu suka sauya wannan. Na farko babbar hanyar da ta taso daga Legas ta bi Ilori da Jebba da Kwantagora da Yawuri da Koko da Maiyama ta iso Jega, inda ta rabu zuwa Sakkwato da Birnin Kebbi. Na biyu ƙananan injunan ban-ruwa da rijiyoyin burtsatse na fadama, waɗanda shirye-shiryen raya noma suka yaɗa daga shekarun 1980, shirin Fadama na farkon shekarun 1990 kuma ya ƙara musu yawa. Kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta 1991, Aliero ta riga ta yi suna da albasa kamar yadda ta yi suna da ɗori.

Albasar rani ita ce ta ajiya. Ana yafa iri bayan damina, a yi dashe da sanyi, a cire daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu. A wannan lokaci kasuwa takan cika har buhu ya yi arha ƙwarai, manomin da bashin mai da na taki ya bi shi kuma ba shi da zaɓi sai ya sallama. Mai sayen ajiya ba ya sayen kowace albasa. Yakan ɗauki ɗaya ya matsa wuyanta da ɗan yatsa: idan wuyan siriri ne busasshe, ɓawon yana ƙara kamar takarda, za ta zauna. Idan wuyan mai kauri ne da danshi, ko an cika mata takin yuriya ta yi girman banza, ko ba a yanke mata ruwa da wuri ba kafin cira, to ta kasuwar yau ce. Manya-manyan da ke burge mai saye a Legas ba su ne suka fi jure ajiya ba. Wadda aka zaɓa ana zuba ta a rudu, wani gado na itace da karan dawa da aka ɗaga daga ƙasa don iska ta ratsa, aka yi masa jinka ta ciyawa. Daga nan aiki ya fara. Zafin bazara yana tsotse mata ruwa, ta yi sauƙi. Danshin damina yana kawo ruɓa da tsiro. Mai rudu kan zagaya yana shinshinawa, domin hanci kan riga ido sanin an samu matsala, sai a sa yara su tsince ruɓaɓɓun kafin su shafi na kusa da su.

Lissafin abin yana da tsauri fiye da yadda na waje ke zato. A ƙaddara mutum ya sayi buhu 100 a kan naira 20,000 kowanne, ya kashe 300,000 a kan rudu da dako da tsinta da gadi. Jarinsa ya zama 2,300,000. Idan bayan wata biyar abin da ya rage masa buhu 70 ne, sai buhu ya kusanci 33,000 kafin ya mayar da uwar kuɗinsa. Farashi yana iya tashi da rabi shi kuma yana cikin asara. Shi ya sa tambayar da ke gabansa kowane mako ba wai ko farashi zai ƙara tashi ba ce kawai, a'a, ko zai tashi da saurin da ya fi saurin ruɓar kayansa. Yawanci tsada takan kai matuƙa tsakanin Oktoba da Disamba, lokacin da ta ajiya ta ƙare kuma bukukuwan ƙarshen shekara a kudu suka ƙara buƙata. Amma kaɗan ne ke iya kai kaya can, kuma albasar damina, wadda ba ta ajiyuwa, tana iya shigowa ta karya kasuwa cikin 'yan kwanaki. Da yawa daga cikin tsofaffin hannu sukan raba kaya kashi-kashi su yi ta saki a hanya, sun gwammace matsakaiciyar riba a kan neman ƙololuwar da ba wanda ya san ranarta sai ta wuce.

Alamun da ake karantawa na ido ne da kunne. Motoci nawa suka yi lodi a kasuwar da ta wuce, nawa kuma suka isa Mile 12 a Legas ko Bodija a Ibadan ko Anaca a rana ɗaya. Masu saye daga kudu sun zo da kansu ne ko sun aiko. Dillalai suna bin masu kaya ne ko masu kaya ke bin dillalai. Idan mai kaya yana cewa "albarka" sau uku kuma mai saye bai tafi ba, kasuwa tana sama. Idan aka wayi gari buhunan jiya suna nan a jingine ba a ɗinke bakinsu ba, an san ta kwanta. Ana duba inda azumi da salla suka faɗo, tun da suna matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, wata shekarar su dace da yalwa, wata su dace da ƙaranci. Ana sauraren labarin Galmi da sauran garuruwan jihar Tawa a Nijar, waɗanda albasarsu ke gogayya da ta Najeriya a kasuwannin Gana da Kwaddibuwa, da na gonakin Sakkwato da Kano da Yobe da Barno. Sannan akwai abin da kowane dattijo ya sani amma kaɗan ke aiki da shi: shekarar da albasa ta yi tsada, kowa zai faɗaɗa gona, mai shago da ma'aikacin gwamnati duk za su shiga ajiya, shekara mai zuwa kuma kaya su yi yawa. Masana tattalin arziki sun bayyana irin wannan kewaye tun shekarun 1930, da misalan aladu da dankali.

Wayar hannu, wadda ta shigo Najeriya a 2001, ta kashe tsohuwar ribar riga kowa jin labari. Binciken Jenny Aker a kasuwannin hatsi na Nijar, wanda aka buga a 2010, ya nuna bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari bayan zuwan waya. Yanzu manomi a ƙauyen Sabiyal yana iya jin farashin Legas kafin ya ɗora buhu a kan amalanke. Sai dai labarin da kowa ya ji kowa ke bi, motoci su ɗunguma kasuwa ɗaya, farashin da aka ji da safe ya zama tarihi kafin a isa bayan kwana biyu.

Abin da babu alamar da ke nuna shi kuwa shi ya fi yin ɓarna. An rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairu 2021, ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu na 'yan kwanaki, albasa da tumatir suka yi kwantai a arewa suka yi tsada a Legas. A Yunin shekarar ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar albasa ta sake dakatarwa saboda hare-haren da aka kai wa motocinta. A 2023 abubuwa uku suka biyo juna: ƙarancin takardun kuɗi a farkon shekara, daidai lokacin cira, cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu wanda ya taɓa kuɗin ban-ruwa da na mota, da rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli.

Cinikin gaba yana nan a yankin, amma na mutum da mutum ne. Ɗan kasuwa yakan ba manomi kafin alƙalami na iri da taki da mai, a kan shi za a sayar wa idan an cire. Wani yakan sayi fage sukutum bayan ya zagaya ya tona nan da can. Alƙawarin ya dogara ga sanayya da kunya da shaidun unguwa, ba a iya sayar da shi ga wani na uku, kuma idan farashi ya yi nisa da abin da aka yanke, ɗaya ɓangaren kan nemi a sake zama. Shirin Anchor Borrowers, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, ya ɗauki wannan siffa a kan shinkafa da kuɗin Babban Banki, ya kuma gamu da tsohuwar matsalar rashin biya da karkatar da kaya zuwa inda farashi ya fi.

A wasu ƙasashe wannan alƙawari ya rabu da mutanen da suka ƙulla shi ya zama takarda mai kasuwar kanta. Kasuwar shinkafa ta Dojima a Osaka, wadda hukumar Japan ta amince da ita a 1730, ana lissafa ta a matsayin ta farko. Ga wani ɗan kasuwar shinkafa na wancan zamani, Homma Munehisa, wanda ya rasu a 1803, ake jingina zanen nan mai kama da kyandir da ke nuna farashin buɗewa da na rufewa da mafi sama da mafi ƙasa na kowace rana. A Chicago an kafa kasuwar hatsi a 1848, aka daidaita ƙa'idodin cinikin gaba a 1865: awo ɗaya, daraja ɗaya, watan bayarwa sananne, da kuɗin jingina. Charles Dow ya fito da ma'auninsa na hannayen jarin masana'antu a 1896, kuma daga rubuce-rubucensa masu nazarin zanen farashi suka gina yawancin ƙa'idodinsu. A 1982 aka fara cinikin gaba a kan ma'aunin hannayen jari kansa, inda babu buhun da za a miƙa, sai dai a biya bambanci. Mai nazarin zane yana duba inda farashi ya saba tsayawa, da matsakaicinsa na kwanaki, da yawan cinikin da ya raka tashi ko faɗuwa. Tambayoyinsa ba su yi nisa da na dillalin Aliero mai ƙirga motoci ba. Bambancin shi ne dillalin yana ganin kayan da kansu, kuma masu bincike sun daɗe suna jayayya a kan ko zane kaɗai yana ba da ribar da ta wuce kuɗin ciniki. Amfanin da ba a jayayya a kansa shi ne garkuwa: mai rumbu a Amurka yana iya sayar da takardar Disamba tun ranar da ya zuba hatsi, ya san farashinsa, ya bar wa wani haɗarin.

Abin mamaki, albasa ce amfanin gonar da dokar Amurka ta hana wannan ciniki a kanta. A 1955 wasu mutum biyu, Vincent Kosuga, manomin albasa daga jihar New York, da Sam Siegel, suka tara kusan dukan albasar da ke Chicago, wajen fam miliyan 30. Suka tilasta wa manoma su sayi wani kashi da barazanar za su zube ta a kasuwa, suka kuma sayar da takardun gaba masu yawa a ɓoye, sannan suka zube ta ɗin. Buhu mai fam 50 da ya kai dala 2.75 a Agusta 1955 ya koma santi 10 a Maris 1956, ƙasa da kuɗin buhun da babu komai a ciki. Manoma suka kai kuka majalisa, Gerald Ford, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya gabatar da ƙuduri, Shugaba Eisenhower ya sa hannu a Agusta 1958. Masanin tattalin arziki Holbrook Working ya nuna a 1960 cewa farashin albasa ya fi natsuwa a shekarun da ake cinikin gaban, amma dokar tana nan har yau. Dabarar Kosuga ta yi aiki ne saboda abin da mai rudu ya sani: albasa ba ta da haƙuri, wanda ya riƙe mafi yawanta a ƙarshen lokaci shi ke da kasuwa.

A Najeriya kasuwar hannayen jarin Abuja da aka kafa a 1998 an mayar da ita ta kayan amfanin gona a 2001, ba ta kuwa yi tasiri sosai ba. Kamfanin AFEX, wanda ya fara aiki a 2014, ya kafa rumbuna yana ba da takardar shaidar ajiya a kan masara da waken soya da shinkafa da makamantansu. A Afrilu 2022 kasuwar hannayen jari ta Legas ta buɗe cinikin gaba a kan ma'auninta na manyan kamfanoni 30. Ga Musulmin ɗan kasuwa akwai wani shinge, domin Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa cinikin gaba irin wanda ake jinkirta kuɗi da kaya duka, da ciniki a kan ma'aunin hannayen jari, ba su halatta ba, ta bar ƙofar salam a buɗe. Albasa ba ta shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare ba. Ana sayar da ita da buhun algarara ne ba da kilo ba, cikar buhun kuma, da toliyar da ake ɗinka masa a sama, tana bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa da kuma daga lokacin yalwa zuwa na tsada. Babu rabe-raben daraja da aka rubuta, babu rumbun da zai ba da takardar cewa buhu 100 da aka karɓa a Afrilu za su fito 100 a Oktoba. Ba tare da waɗannan ba babu takardar da wani baƙo zai saya bai ga kaya ba, saboda haka ruɓa da faɗuwar farashi duka suna kan wuyan mai rudu daga ranar da ya zuba har ranar da ya sallama.